Kasuwar Murmushi: Abin da Anime Ke Nunawa da Abin da Yake Ɓoyewa

A watan Afrilun 2023 aka fara haska wani zane mai motsi na ƙasar Japan, irin wanda matasa ke kira anime, mai suna Oshi no Ko. Duk wanda ya hangi hotonsa a waya zai ɗauka wasan yara ne: yarinya mai dara-daran idanu, tauraro na ƙyalli a kowane ido, ga murmushi har kunne. Amma kashi na farko, wanda ya kusa awa ɗaya da rabi, labarin wata mawaƙiya ce 'yar shekara 16, Ai Hoshino, wadda ta yi ciki, kamfaninta ya ɓoye ta a wani asibiti can nesa da birni har ta haifi tagwaye. Bayan 'yan shekaru wani masoyinta da ya san sirrin ya bi ta har ƙofar gida ya daɓa mata wuƙa. A ganinsa ta ci amanarsa, alhali shi da ita babu abin da ya haɗa su sai tikiti da gaisuwar 'yan daƙiƙu.

Irin waɗannan finafinai yanzu suna cikin wayoyin 'ya'yanmu da ƙannenmu, ana tura wa juna, iyaye kuma da sun ga zane ne sai su kau da kai. Ya kamata a san sana'ar da ke bayansu, domin labarin Ai ba daga iska marubucinsa Aka Akasaka ya tsinko shi ba.

A Japan akwai wani rukunin masu nishaɗantarwa da ake kira aidol. Galibi matasa ne, wasu tun suna makarantar sakandare ake ɗaukarsu. Ba sai yarinya ta fi kowa murya ko iya rawa ba. Abin da kamfani ke sayarwa shi ne kusanci: mai kallo ya ji cewa tasa ce, shi ya raine ta da kuɗinsa tun ba a san ta ba har ta yi suna. Wanda ya fi kowa gwanancewa a wannan ciniki shi ne Yasushi Akimoto, da ya kafa ƙungiyar AKB48 a 2005 a unguwar Akihabara ta birnin Tokyo. Dabararsa mai sauƙi ce. A cikin faifan waƙa sai a saka tikitin da zai ba mutum damar yin musabaha da yarinyar da yake so na 'yan daƙiƙu, kafin ma'aikaci ya janye shi. Daga 2009 zuwa 2018 kuma har zaɓe ake yi duk shekara don fitar da wadda za ta tsaya a tsakiyar fage, takardar ƙuri'ar ma a cikin faifai take. To ka ga mutum ɗaya zai sayi faifai iri ɗaya tuli guda, ya zare tikiti da ƙuri'a, sauran ko oho. Waƙar ba ita ce haja ba.

Tunda kusanci ake sayarwa, dole a kare shi. Daga nan dokar hana soyayya ta samo asali, wani lokaci a rubuce cikin kwantiragi, wani lokaci kowa dai ya san da ita. A ƙarshen Janairun 2013 wata mujalla ta fallasa cewa Minami Minegishi ta AKB48, mai shekara 20 a lokacin, ta kwana a gidan wani saurayi. Sai ga ta a bidiyo ta aske kanta ƙwal, tana kuka tana neman gafara, aka kuma mayar da ita sahun masu koyo. Kar a yi kuskuren ɗaukar wannan doka a matsayin tarbiyya ko kare mutunci. Kamfanin da ke hana ta saurayi shi ne ke ɗaukar hotonta da ɗan kamfai na wanka ya sayar. Ko kotunan ƙasar ba su tsaya kan magana ɗaya ba: a 2015 wata kotu a Tokyo ta umarci wata yarinya 'yar shekara 17 ta biya yen 650,000 saboda karya irin wannan sharaɗi, a farkon 2016 kuma wani alƙali a birnin ya ce haramta wa mutum soyayya tauye masa 'yancin neman farin ciki ne.

Idan an daɗe ana gaya wa mutum cewa yarinya tasa ce, wata rana wani zai yarda da gaske. A watan Mayun 2014 wani ya ciro zarto a wurin musabaha a lardin Iwate ya raunata 'yan AKB48 biyu da wani ma'aikaci. A Mayun 2016 wani ya yi wa mawaƙiya Mayu Tomita sara da suka da wuƙa a Koganei, bayan ya daɗe yana yi mata barazana a Twitter saboda ta mayar masa da kyautarsa. Ta kai ƙara wurin 'yan sanda kafin harin, amma dokar hana bibiyar mutane ta lokacin ba ta shafi saƙonnin kafafen sada zumunta ba. Ta rayu da ƙyar, kuma a ƙarshen shekarar aka gyara dokar. Samari ma ba su tsira ba. A 2023, bayan wani rahoton BBC, kamfanin Johnny & Associates ya amsa cewa wanda ya kafa shi, Johnny Kitagawa, da ya mutu a 2019, ya shafe shekaru da dama yana lalata da yaran da ke ƙarƙashinsa.

To ina anime ya tsaya a cikin wannan lamari? Mafi yawansa talla ne mai daɗin kallo. Tun a 1982 shirin Macross ya fito da mawaƙiya Lynn Minmay, wadda ta yi muryarta, Mari Iijima, ta samu suna a waƙa ta dalilinta. The Idolmaster ya fara ne a matsayin wasan na'ura a 2005, inda mai wasa ke zama manajan 'yan mata. Love Live! na 2013 labarin ɗalibai tara ne da suka kafa ƙungiyar waƙa don kada a rufe makarantarsu. A irin waɗannan za ka ga zumunci da jajircewa da hawayen murna, kuma ba laifi, akwai darasin haƙuri da aiki tare a ciki. Abin da ba za ka gani ba shi ne kwantiragi, da rabon kuɗi, da mutumin da ke laɓe a bakin ƙofa.

Kaɗan ne suka ɗaga labule. Na gaba-gaba shi ne Perfect Blue na marigayi Satoshi Kon, wanda ya fito a 1997. Mima ta bar ƙungiyar waƙa don ta zama 'yar fim, sai ta tarar da wani shafi a intanet da ke rubuta duk motsinta na yini da sunanta, kamar ita ke rubutawa. A hankali ta kasa bambance kanta da hoton da mutane ke so ta zama. A lokacin intanet bai shiga gidaje sosai ba, amma Kon ya hango inda aka dosa, kuma a ganina har yau babu wanda ya kamo shi. Sai dai fim ne mai jini da tsiraici, na manya ne zalla.

Oshi no Ko ya ƙara da wani ciwo na zamani. A kashi na shida, wata yarinya mai suna Akane ta yi kuskure a shirin talabijin, jama'a suka yi mata caa a intanet har ta nemi hallaka kanta. Masu kallo nan take suka tuna da Hana Kimura, 'yar kokawa da ta fito a shirin Terrace House, wadda ta mutu a watan Mayun 2020 tana da shekara 22 bayan irin wannan ruwan zagi. Mahaifiyarta ta fito ta nuna ɓacin ranta cewa an yi amfani da abin da ya sami 'yarta ba tare da an tuntuɓi iyalin ba. Me ya biyo baya? Wasu masoyan Oshi no Ko suka juya kanta da zagi. Sun kalli darasin, sun yi kuka, suka tashi suka aikata abin da aka gargaɗe su a kai. Mutuwar Hana ce ta sa a 2022 Japan ta tsaurara hukuncin cin mutunci zuwa ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar yen 300,000. Wannan ɓangaren bai tsaya a Japan ba. Duk wanda ya taɓa leƙa sashen sharhi a ƙarƙashin hoton wata 'yar fim a nan gida ya san irin kalaman.

Akwai kuma mutanen da ba a gani, masu sanya murya, waɗanda Japanawa ke kira seiyu. Wanda ya saba kallon finafinan Indiya na fassarar Algaita ya san yadda murya ke iya mallake jarumi, har idan an canja ta sai ka ji fim ɗin ya rasa gishiri. A Japan sana'a ce mai makarantu da kamfanonin dillanci, kuma dubban matasa ke rububinta. Sabon shiga ana biyansa kimanin yen 15,000 a kan kashi ɗaya na minti talatin, ko kalma ɗaya ya furta ko shi ne jarumi, kuma daga ciki za a cire haraji da kason kamfani. Babu albashin wata. Kowane matsayi sai an yi gwaji an ci. Shi ya sa a Shirobako na 2014 aka nuna Shizuka tana hidima a gidan abinci yayin da ƙawayenta ke ci gaba, kuma Sore ga Seiyuu! na 2015, wanda mai sanya murya Masumi Asano ta rubuta daga abin da ta sani, ya cika da fargabar gwaji da lissafin kuɗin haya.

Da kuɗin murya bai isa ba, sai aka tura su fage. Mai sanya murya Nana Mizuki ta cika babban filin wasa na Tokyo Dome a 2011, 'yan mata taran da suka yi muryoyin Love Live! suka yi wasan kwana biyu a wurin a 2016, sanye da kayan da aka zana wa jarumansu. Yau ana son mai sanya murya ta iya waƙa da rawa, ta yi kyau a hoto, ta riƙa hira da masoya. Duk takunkumin da ke kan aidol ya biyo ta, har sanar da aure kan jawo wa wasu fushin masoya. Sai kuma ga wata matsalar: a Oktoban 2024 wasu fitattun masu sanya murya, ciki har da Ryusei Nakao mai muryar Frieza a Dragon Ball, suka fito da gangamin nuna adawa da kwaikwayon muryoyinsu da ƙirƙirarriyar basira ba da izininsu ba.

Ko masu sukar ma a kasuwar suke ci. Waƙar buɗe Oshi no Ko, ta ƙungiyar YOASOBI, ta hau saman jadawalin Billboard na ƙasashen duniya ban da Amurka a watan Yunin 2023, karon farko ga waƙar harshen Japananci, kuma ana sayar da hotuna da 'yan tsanar Ai kamar na kowace aidol. Shirin da ya ce maka murmushin ƙarya ne, shi ne kuma ke sayar maka da murmushin.

Ga iyaye, zane ba shaidar cewa abu na yara ba ne. Kafin a bar yaro da wani shiri, a nemi sunansa a duba shekarun da aka ƙayyade masa, ko a zauna a kalli kashi na farko tare. Idan wasan waya ne mai neman a saka kuɗi don a samu hoton wata jaruma ta hanyar canki-canka, kamar yadda wasannin aidol da yawa suke, a cire katin banki daga wayar.