Beljiyam ko ta hannu? Yi lissafinka kafin dillali ya yi maka

Idan kana bin shafukan dillalan motoci a Instagram ko TikTok, ka san yadda bidiyon yake. An wanke mota tas, an shafa wa tayoyi mai suna ƙyalli, wani yana zagaya ta da waya yana rantsuwa cewa Beljiyam ce, ko lamba ba a yi mata ba. Ka gangara ƙasa kaɗan, sai ga 'yar uwarta, kamfani ɗaya, shekara ɗaya, amma ita ta hannu ce, an hau ta a nan gida, kuma kuɗinta bai kai na waccan ba da miliyoyi. Daga nan barci ya ƙaurace maka. Ka tara 'yan kuɗaɗenka daga sana'ar POS ko ɗinki ko sayar da waya, Baba ya ce zai cika maka wani abu. Ke kuma kin gaji da tsayuwar jiran bas daga Samaru zuwa Sabo da rana tsaka. Tambayar dai ɗaya ce: a zazzage aljihu gaba ɗaya a ɗauko mai ƙyalli, ko a sayi mai sauƙi a rage canji?

Abu na farko da za ka cire daga ranka shi ne cewa Beljiyam sabuwa ce. Sunan ya samo asali ne daga lokacin da ake loda tsofaffin motocin Turai a tashar jirgin ruwa ta Antwerp da ke ƙasar Beljiyam, a sauke su a Kwatano, daga can su shigo mana. Yau yawancin waɗanda ake kira da wannan suna daga Amurka da Kanada suke zuwa, a sauke su a Tin Can ko Apapa a Legas. Corolla ta 2010 da ka gani a layin masu sayar da motoci tsakanin Kwangila da PZ ta haura shekara 10 tana aiki a hannun wani kafin ta hau jirgi. Ita ma ta hannu ce, hannun ne kawai ba namu ba. Abin da kake biya a kanta shi ne titi mai kyau da ta taka, da mai mai kyau da ta sha, da fatan cewa mai ita yana kai ta sabis a kan lokaci.

Wannan fatan kuwa ya yi tsada. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Da dala ake sayen motar, da dala ake biyan jirgi, kuma da farashin dala kwastan ke lissafa duti. Shi ya sa kuɗin da a da zai kawo maka Beljiyam har ka yi mata lamba, yanzu da ƙyar ya sayi ta hannu mai lafiya. Su ma masu ta hannun sun farga, sun ɗaga nasu.

Ga kuma abin da bidiyon ba ya nunawa. Da yawa daga cikin motocin nan daga kasuwannin gwanjo irin su Copart da IAAI aka sayo su, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye. A kawo ta, mai gyaran bodi ya buga, mai fenti ya fesa, a liƙe murfin jakar iska babu komai a ciki, shi ke nan ta zama amarya. Wadda ta sha ruwa ta fi muni, don matsalarta a wayoyi take, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi canjawa, kai da mai rewaya kun zama 'yan uwa. Amma Beljiyam tana da wata fa'ida da ta hannu ba ta da ita: tarihinta a rubuce yake. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, tana nan a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Kwafe ta ka saka a Google. Sau da yawa hotunan ranar gwanjon za su fito, ka ga gaban motar a rugurguje. Idan kana da hali ka sayi rahoton Carfax, zai nuna maka nisan da ta yi a can, ka gwada da abin da mita ke nunawa, don ana mayar da mita baya kamar yadda ake saita agogo. Ka tuna kuma motar Amurka da mil take ƙirga. Mil 150,000 kilomita 240,000 ke nan.

Sai takardu, kuma a nan ne mutanenmu suka fi kuka. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Duk da haka ba a daina biyo da su ta daji ba, daga Kwatano ko ta Nijar, sannan a haɗa musu takardun bogi. Idan ka ga Beljiyam ta yi arha fiye da takwarorinta, kafin ka yi hamdala ka tambayi takardar duti. Jami'an kwastan suna tare mota a hanya ko da ta shekara biyar a hannunka, kuma cewa ba ka sani ba ba ya sa a sake ta. Hedikwatar shiyya ta B ta hukumar a Kaduna take, tafiyar da ba ta kai ta yini ba. Ka je da kwafin takardar a duba maka lambar, kada ka bari dillalin ya ce yana da mutum a ciki da zai duba. Wannan ya shafi ta hannu ma, don lamba a jikin mota ba ta nufin an biya duti.

To ita ta hannun fa? Matsalarta ba tsufa ba ce, hannuwan da ta ratsa ne. Akwai wani abu a cikin salansa da makanikai ke kira indomi, shi ke tace hayaƙi, kuma yana da kuɗi saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa. A motoci da yawa an riga an fasa an sayar, wani lokaci ma mai motar bai sani ba. Akwai al'adar cire abin da ke daidaita zafin inji a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi, alhali hakan na sa inji ya daɗe bai kai zafin da ya kamata ba ya riƙa shan mai. Akwai ruwan rijiya a lagireto. Akwai baƙin mai mai kauri da ake ɗurawa ranar da za a kai ta kasuwa don ya ɓoye hayaƙi da ƙarar inji. Akwai ma masu cire ƙwan fitilar gargaɗi a dashbod, ka ga komai lafiya lau. Gwajin wannan mai sauƙi ne: murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, dole fitilar inji da ta jakar iska su kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Idan ba su kama ba tun farko, an taɓa su.

Duk da wannan jerin, ni dai ra'ayina shi ne matashin da kuɗinsa ƙirgagge ne ya fi dacewa da ta hannu, amma da sharaɗi. Dalilina shi ne ranar da ka sayi mota ranar kashe kuɗi ya fara. Mu yi lissafi. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. A Oktoban 2024 ta haura 1,000. A ce kana yin kilomita 30 a rana, daga Samaru ka leƙa Sabon Gari, ka biya Kongo ko Tudun Wada, ka dawo. Kilomita 900 ke nan a wata. Ƙaramar mota mai silinda 4 tana shan wajen lita 10 a kilomita 100 a cikin gari, wato lita 90. A ɗauka lita naira 900 ce, ka kashe 81,000. Alawus ɗin mai bautar ƙasa 77,000 ne, mafi ƙarancin albashi 70,000. Idan kuwa mai silinda 6 ka ɗauko don a san ka iso, sai ka ƙara kusan rabin wannan a kai. Ba a zo maganar taya ba, da batir, da juyen baƙin mai, da sabunta takardu, da inshorar dole da ta koma 15,000 tun Janairun 2023. Wanda ya zuba komai nasa a Beljiyam zai ajiye ta a ƙofar gida yana wanke ta safe da yamma, ya hau acaɓa ya tafi aiki. Duk mun san irinsu a unguwa. Ita Beljiyam ɗin ma tana son hidima tun ranar farko: lamba, canjin mai, wani lokaci tayoyi, don wasu da tayoyin ƙanƙara suke zuwa waɗanda ba sa jure zafin kwaltarmu.

Sharaɗin shi ne ka san daga hannun wa take fitowa. A nan Zariya muna da sa'a. Gari ne na ma'aikata: malaman ABU, likitoci da nas-nas na Shika, ma'aikatan kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da na NITT da ke hanyar Basawa. Motar da mutum ɗaya ya riƙe, daga gida zuwa ofis zuwa makarantar yara, makanikinta ɗaya, ta fi min Beljiyam ɗin da ban san daga wane kwazazzabo aka ciro ta ba. Irin waɗannan ba kasafai suke kaiwa intanet ba, a baki ake jin labarinsu, a masallaci ko a gareji. Wadda za ka guje wa ita ce ta hannu na huɗu da na biyar, ko wadda ta yi haya a hanyar Kano ko Funtuwa aka sake mata fenti.

Kafin ka zaɓi samfuri, shiga layin masu kayan gyara a Sabon Gari ka yi tambaya. Nawa ne shokozoba? Nawa ne famfon mai? Akwai shi a ƙasa ko sai an aika Kano ko Legas? Amsar za ta nuna maka abin da ya sa Corolla ba ta faɗuwa a kasuwa. Pontiac Vibe kuwa, duk da an rufe kamfanin tun 2010, ƙanwar Toyota Matrix ce, injinsu ɗaya, don haka kayanta ba sa wuya. Peugeot 406 har yanzu tana da masoya da ƙwararrun makanikai a nan Arewa, albarkacin shekarun da PAN ta yi tana haɗa motoci a Kakuri. Kowace kuma da halinta. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai silinda 4, wadda ake kira Muscle, an san ta da shan baƙin mai. Accord ɗin da ake kira EOD sai an sa ido a ƙafafunta na gaba, wanda ya taɓa ganin ta durƙushe a tsakiyar titi ya san abin da nake nufi. Marsandi mai arha kuwa, sayenta ne kawai mai arha.

Akwai inda zan ce ka daure ka sayi Beljiyam. Idan motar ce za ta zama jarinka, kullum kana hanyar Kaduna ko Abuja, kwana ɗaya a gareji asara ce, kuma bayan ka biya akwai abin da ya rage maka, to wadda ka bincika tarihinta da takardunta ta cancanci ƙarin kuɗin. Haka idan niyyarka ka sayar bayan shekara biyu, wadda kai ne na farko a kanta za ta fi daraja.

Ko wacce ka zaɓa, ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinka, kada dillali ya ji ƙamshinsa. Ka je da makanikinka, ka biya shi kuɗin aikinsa a gaba, don wanda ba ka biya ba yana iya karɓar la'ada ta bayan fage. Ku je da sassafe lokacin da injin ke sanyi, a nan hayaƙi da ƙara suke fitowa. A jona kwamfuta a karanta. A ɗaga kafet a duba yashi da tsatsa a ƙarƙashin kujera. Ku hau titi daga Kwangila zuwa Shika da esi a kunne, ku ji yadda giya ke shiga, ku ga ko allurar zafi za ta motsa. Lambar motar a duba ta a shafin hukumar kiyaye haɗurra, sunan da ke takarda ya dace da katin shaidar mai sayarwa. Kuɗi kuma ta banki, zuwa asusun mai wannan sunan, bayan an rubuta yarjejeniya da shaidu biyu an sa hannu. Duk wanda ya turo maka saƙo a Facebook cewa shi jami'in kwastan ne yana da motar gwanjo, ka tura kuɗin fom, toshe shi kawai.