Ƙasar Da A Ke Kai Ɓera Gasa

Da mutum zai tsaya a bakin kasuwar Bagwai bayan an gama kaka, ya gaya wa manoma akwai ƙasar da a ke share ɓera, a yanke masa farce, a kai shi gaban alƙali ya ci kyauta, ba mu tsammanin zai ƙare maganarsa ba a tuntsure da dariya ba. Ba kuwa za mu ga laifinsu ba. Ƙasar Bagwai, kamar ta maƙwabtansu na Bichi da Shanono, gona ce ke jingine da gona, ba wani daji da ya rage da za a ƙara sarewa. Abin da mutum ya samu na gero da dawa da gyaɗa da wake, da ɗan abin da ya noma da rani a bakin madatsar ruwa ta Watari, shi ne zai kai iyalinsa wata damina. Wanda duk ya taɓa buɗe rumbunsa ya tarad da ƙaiƙayi inda ya bar zangarniya, ba ya bukatar a gaya masa ko wane ne ɓera. Ko a bakin mutane, in an ce wa yaro ɓera, ai ɓarawo a ke nufi.

Amma duniya da faɗi ta ke. Wannan magana gaskiya ce, ta kuwa fi shekara ɗari da ishirin. Mun ga ya kamata mu kawo wa masu karatu labarinta, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ofis, domin bayan abin dariya akwai gargaɗi a ciki, akwai kuma abin koyi.

Asalin Abin

Mutanen Japan sun riga Turawa. An buga littafi a can kan kiwon ɓeraye masu launi a 1775, aka kuma buga wani a 1787. A Ingila kuwa abin ya faro ne ta wata mummunar hanya. A ƙarni na 19 'yan caca na birnin Landan su kan zuba ɓeraye cikin wani shinge, su saki kare, a yi ta sa kuɗi a kan yawan waɗanda zai kashe. Saboda haka kamun ɓera da rai ya zama sana'a. Cikin masu wannan sana'a akwai wani wai shi Jack Black, mai kiran kansa makamin ɓerayen Sarauniya Victoria, wanda marubucin nan Henry Mayhew ya ba da labarinsa. Shi Jack Black in ya kama ɓera fari, ko mai roɗi-roɗi, ba ya kai shi wurin karnuka. Sai ya ajiye shi, ya haɗa shi da mai kama da shi, in sun haihu ya sayar wa matan masu hali su sa a keji.

A 1895 waɗansu Ingilishi suka kafa jam'iyyar masu kiwon ƙananan ɓeraye, wadda su ke kira National Mouse Club. Su Turawa sun raba ɓera biyu, ƙarami da babba, kowane da sunansa, jam'iyyar kuwa ta ƙananan ce kaɗai. Ana nan sai wata mace mai suna Mary Douglas ta roƙi a yardar mata ta kawo nata manyan. Aka yarda. Ran 24 ga watan Oktoba 1901 ta kai su wurin nuni a garin Aylesbury, ɓeranta mai baƙin kai da farin jiki ya zo na ɗaya. A 1912 har aka ƙara sunan babban ɓera cikin sunan jam'iyyar. Da Mary Douglas ta mutu a 1921 sai abin ya yi sanyi, daga baya aka cire sunan. Sai a 1976 aka kafa wata jam'iyya ta manyan ɓeraye zalla, watau National Fancy Rat Society, a 1983 kuma aka kafa irinta a Kaliforniya ta ƙasar Amurka.

Yadda A Ke Gasar

Kada mai karatu ya zaci ɓeran kwata a ke kamowa. Asalinsu ɗaya da babban ɓeran nan ruwan ƙasa mai bin magudanar ruwa a biranen Turai, amma an yi ta zaɓen iri, tsara bayan tsara, har hali ya sāke. Abin ya yi sauri domin ɓera ba ya jinkirin haihuwa. Cikinsa kwana 21 ne zuwa 23, macen kuwa ta kan zuba 'ya'ya takwas ko goma, wani lokaci fiye. Rayuwarsa duka ba ta cika wuce shekara biyu zuwa uku ba. Ke nan abin da makiyayin shanu zai yi shekara talatin bai gani ba, mai kiwon ɓera zai gan shi cikin 'yan shekaru.

Ran gasa kowa ya kan zo da nasa cikin ɗan akwati mai garai-garai, duk iri ɗaya, da lamba a jiki maimakon sunan mai shi, don kada alƙali ya yi son kai. Kafin a fara a kan duba lafiyarsu. Wanda a ka ga yana atishawa, ko yana da ƙwarƙwata ko gyambo, ba ya shiga. Sa'an nan a raba su aji-aji bisa ga launi da shekaru, 'yan ƙanana daban, manya daban.

Jam'iyyar tana da rubutacciyar ƙa'ida wadda ta faɗi yadda kowane iri ya kamata ya kasance. Alƙali ya kan ɗauki ɓera a hannu, ya dubi tsawon jikinsa, da girman idonsa, da zaman kunnensa, da santsin gashinsa. A kan so wutsiya ta yi kauri a gindi, ta tafi tana sirancewa, tsawonta ya kai na jiki. Akwai irin da kansa da kafaɗunsa ke da launi, sauran jiki fari, da zane guda ya bi gadon baya har wutsiya. In zanen nan ya yanke ko ya karkace, an rage masa daraja. Akwai mai murɗaɗɗen gashi, akwai mai faffaɗan kunnuwa a gefen kai. Ɓeran da ya ciji alƙali kuwa ya fita ke nan, kome kyaunsa. Har wa yau akwai wani aji inda ba a kula da launi, sai lafiya da sabo da mutane, nan ne yara suka fi kai nasu.

Wani abin lura shi ne jam'iyyar Ingila ta hana a kawo ɓera marar gashi ko marar wutsiya, domin ta ce irin waɗannan halittu wahala su ke jawo wa dabbar. Kyautar da a ke samu ba ta taka kara ta karya ba, daga ɗan ƙyalle mai ado sai takardar shaida, in an yi sa'a kofi. Abin da mai kiwo ke nema shi ne a san irinsa, a riƙa zuwa nema wurinsa.

Gafiya Ta Ci Lambar Zinariya

In masu karatu sun ce wannan duk wasan ƙoshi ne, to, ga labarin da ya fi kusa da gida. Kowa ya san gafiya, wadda yara ke haƙa da rani, mai cusa abinci cikin kumatu har a ke ce mata tsira da na bakinki. A 1997 wani mutumin Beljiyam, Bart Weetjens, wanda ya yi kiwon ɓeraye tun yana yaro, ya kafa ƙungiyar APOPO. A shekara ta 2000 suka koma Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine a garin Morogoro na ƙasar Tanzaniya, suna koya wa 'yar'uwar gafiyarmu ta can sansano nakiyoyin da a ka binne lokacin yaƙi. Hancinta yana jin warin albarushi, nauyinta kuwa bai isa ya tā da nakiya ba. In ta ji wari sai ta tsaya tana tonon wurin, a ba ta ayaba ko gyaɗa lada. Sun yi aiki a Mozambik, wadda a ka sanar an share ta daga nakiyoyin da a ka sani a 2015. A kan sa su kuma su sansana majinar marasa lafiya don gano tarin fuka.

Ɗaya daga cikinsu, mai suna Magawa, an kai shi ƙasar Kambodiya. A watan Satumba 2020 wata ƙungiyar jin ƙan dabbobi ta Ingila, PDSA, ta rataya masa lambar zinariya, shi ne ɓera na farko da ya taɓa samunta. Kafin ya mutu a watan Janairu 2022 ya gano nakiyoyi da sauran abubuwa masu fashewa fiye da 100. Kowace ɗaya kuwa ƙafar wani manomi ce, ko ran wani yaro.

Gargaɗi

Yanzu sai mu juyo ga malaman makaranta. Mun san halin yara. In an karanta musu wannan labari, gobe wani zai ɗana tarko a bayan rumbu ya ce shi ma zai yi kiwo. Don Allah a hana su. Ɓeran gasa an haife shi a keji, uwarsa da kakarsa ma haka. Na gidajenmu da gonakinmu dabam ne. A 1969 a ka fara gane zazzaɓin Lassa, a garin Lassa da ke cikin Jihar Borno ta yanzu, mai ɗauke da cutar kuwa shi ne wani ɓera mai nonuwa da yawa wanda ke zama tare da mu cikin gida da gona. Shi ba ta kayar da shi. Fitsarinsa da kashinsa ne ke zuba a kan abinci, mutum ya ci ya kamu, ya kuma sa wa mai jinyarsa. Ta fi tashi da rani, daidai lokacin da hatsi ke ajiye, yara kuma ke farautar ɓera da gafiya.

Su Turawan ma ba su tsira ba. A 2003 an kai waɗansu gafiyoyi da ire-irensu daga Gana zuwa Amurka don sayarwa, suka sa wa waɗansu dabbobin gida ƙyandar biri, mutane da dama suka kamu, har gwamnati ta hana shigo da ɓerayen Afirka. A 2017 kuma wata cuta mai taɓa ƙoda ta ɓulla tsakanin masu kiwon ɓera a Amurka da Kanada. Akwai ma lardin Alberta na Kanada, inda tun 1950 su ke yaƙi da babban ɓera, doka kuwa ta hana kowa ajiye shi a gida.

Saboda haka yaron da ke son kiwo a ba shi zomo, ko tattabara, ko ɓeran Masar, wanda sunan ɓera kawai ya ci, asalinsa ma daga Amurka ta Kudu ya ke. A gida kuwa a rufe abinci, a toshe ramuka, a share gindin rumbu, a daina shanya hatsi da rogo a bakin hanya su kwana. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin Koyi

To, mene ne ribarmu cikin labarin nan? Mu a ganinmu ita ce wannan. Mutanen nan sun ɗauki dabbar da kowa ke ƙyama, suka rubuta siffar da su ke so, suka riƙa rubuta uwa da uban kowane ɗa, suka riƙa taruwa ana gwadawa a bainar jama'a. Da waɗannan abubuwa uku kaɗai suka sāke mata launi da hali. Haka kakanninsu suka yi da tumaki da shanu tun zamanin Robert Bakewell a ƙarni na 18, a 1839 kuma babbar jam'iyyar manoman Ingila ta yi nuninta na farko a Oxford.

Mu kuwa Allah Ya ba mu abin da ya fi ɓera nesa ba kusa ba. Ga jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta ƙetare Sahara ta yi suna a Turai da sunan Maroko. Ga Balami da Uda da 'Yankasa cikin tumaki, ga Bunaji da Rahaji da Bokolo cikin shanu. Amma mene ne mu ke yi? In Babbar Salla ta matso, ragon da ya fi kowane kyau shi a ke fara kaiwa kasuwa, a bar ƙanƙamo yana barbarar tumaki. Bunsurun kirki shi ke tafiya ran suna. Shekara ta zagayo mu ce dabbobin yanzu ba su da auki.

Ba baƙon abu ba ne gare mu. Dattawa suna tune da nunin amfanin gona na zamanin En'e, inda a kan jera damman gero da bijimai gaban Hakimi da Malamin Gona, a ba wanda ya fi kyauta. A Shika kusa da Zariya an fara aikin gyaran irin dabbobi tun 1928, daga can ne kuma a ka fito da kazar nan mai ƙwai da a ke kira Shika Brown. Abin da ya rage shi ne aikin ya sauko ƙauye.

Nan ne mu ke ganin masu alƙalami za su yi amfani. Malamin makaranta a Bagwai ba ya bukatar kuɗin gwamnati kafin ya sa 'yan ajinsa su zo da zomayensu da kajinsu ran hutun ƙarshen shekara. Ya rubuta ƙa'ida a allo tun da wuri kowa ya gani, ya roƙi malamin dabbobi ya yi alƙalanci, ya sa lamba maimakon suna, ya sa kowane yaro ya riƙe littafin haihuwa da mutuwa da abin da ya kashe. Yaron zai koyi lissafi, zai koyi tsabta, zai kuma koyi cewa mai kyau shi a ke bari ya yi iri. Ma'aikatan ƙaramar hukuma su ma su tuna wa shugabanninsu cewa kofi guda da buhun dusa ba za su karya baitulmali ba.

Ɓeran rumbu dai a ci gaba da yaƙi da shi, ba sulhu. Dabarar masu kai ɗan'uwansa gasa kuwa mu ɗauke ta mu kai garke. Allah Ya tsare mana rumbunanmu, Ya sa albarka cikin kiwonmu, amin.