Auren Kaktus: Jan Kai, Koren Gindi

A wuraren sayar da furanni akan ga wani ɗan tsiro cikin ƙaramar tukunya, samansa ƙwallo ja ko ruwan ɗorawa, gindinsa kuma koren sanda mai kusurwa uku. Masu saye da yawa kan ɗauka fure ne ya buɗe. Alhali tsirrai biyu ne aka aurar, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro ɗan aure.

Na saman shi ne Gymnocalycium mihanovichii, asalinsa ƙasar Paraguay da maƙwabtanta a Kudancin Amurka. Masu renon furanni a Japan ne suka ware 'ya'yansa da suka tsiro ba su da kulorofil, wato koren sinadarin da tsiro ke haɗa abinci da shi daga hasken rana. Irin wannan, da zarar ya cinye guzurin da ke cikin ƙwayar irinsa sai ya mutu. Shi ya sa ake ɗora shi a kan Hylocereus, kaktus mai saurin girma, ya riƙa ciyar da shi. Yau Koriya ta Kudu ce kan gaba wajen fitar da su kasuwannin duniya.

Mai son gwadawa a gida, wuƙa mai kaifi yake buƙata, a goge ta da sifirit. A yanke kan gindin a kwance, yanka ɗaya, sannan a fere gefensa, domin in naman ya motse kada taurin fatar ya ɗaga na sama. Shi ma na saman a yanke ƙasansa. Duba tsakiyar kowane yanka, za ka ga ɗan zobe. Nan jijiyoyin ruwa da abinci suke, kuma nan ne duk aikin yake. Ba sai zobban sun zo daidai wa daida ba, amma dole su gitta juna. Sau da yawa girmansu ya bambanta, in ka dasa ƙaramin a tsakiyar babban ba za su taɓu ba, sai ka ɗan gusa shi gefe. A haɗa su tun yankan yana ɗanye, a ɗaure da roba ta zagayo ƙarƙashin tukunya, a ajiye a inuwa mako ɗaya zuwa biyu, kada ruwa ya taɓa mahaɗar.

Kada kamanni ya ruɗe ka da tinya da ƙerana na dajinmu. Dangin Euphorbia ne, kaktus ba ya kamawa a kansu, ga shi farin ruwansu na ƙona fata da ido.

Abin da nake so masu sayarwa su riƙa faɗa wa mutane shi ne, wannan haɗin 'yan shekaru kawai yake yi, gindin yakan gaji ko ya ruɓe saboda yawan ban ruwa. In ka ga ya fara laushi alhali kan yana nan da tauri, yanke kan ka aurar da shi ga sabon gindi. 'Yan ƙwallayen da ke tohowa a jikinsa ma ana ɓalle su a aurar haka.