Riƙon Fanshon Baba Tsohon Soja: Amana Ce, Ba Gado Ba

'Yar'uwa, saurayin da ya shiga soja a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, yau yana dab da shekara 80 ko ya haura. Waɗanda suka je Laberiya da rundunar ECOMOG a 1990 ma furfura ta rufe su. Ido ya yi rauni, ƙafa ta ƙi, lambar katin banki tana ɓace wa Baba. Sau da yawa ɗiya mace ake miƙa wa katin, tunda ita ke jinya. In ke ce, ki sani amana kika ɗauka.

Da farko ki bambance abu biyu. Muddin hankalin Baba na nan daram, ke wakiliya ce kawai, abin da ya ce shi za ki yi, ko da a ganinki kyautarsa ta yi yawa. Idan kuwa ruɗewar tsufa ta kama shi, sai a je gaban alƙali da takardar likita, shi zai naɗa mai kula da dukiyar. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi maganar waliyyin mai rauni, ta kuma gindaya masa adalci. Kada ki jira ranar ruɗewa. Tun yana gane kowa, a tara 'yan'uwa, har da na sauran ɗakuna, ya faɗi wanda ya wakilta, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Sannan ku je banki tare, ki ji ƙa'idarsu ta wakilci.

Fanshon soja yana hannun Hukumar Fansho ta Sojoji da ke Abuja, kuma takan tantance masu karɓa don ta tabbatar suna raye. Wanda tantancewa ta wuce shi, kuɗinsa na iya tsayawa. Saboda haka ki adana takardarsa ta sallama daga aiki da lambarsa ta soja, ki duba ko sunan da ke jikinsu ya yi daidai da na BVN da NIN. Reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji na jiharku zai taimaka miki da labari. Duk wanda ya bugo waya yana neman lambar kati wai zai fito da bashin fansho, ɗan damfara ne.

Ki sayi littafi guda: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, da rasit ɗin magani. Abincinsa da lafiyarsa da ciyar da matansa su ne gaba. Kada kuɗinsa ya gauraya da na cefanenki ko na adashi, kada kuma ki ranta wa maigida sai da izinin Baba. Duk wata ki buɗe wa 'yan'uwa littafin tun ba su tambaya ba, domin zargi ya raba zumunci da yawa.

Ki kuma tuna mutum ne da ya saba ba da umarni. Ki bar masa na aljihu, ya ba jikoki da hannunsa, ya yi sadakarsa ta Juma'a.

Ranar da ta Allah ta kasance, wakilcinki ya ƙare. Kada ki ƙara cirar ko kwabo. A sanar da banki da hukuma, abin da ya bari kuma ya zama na magada, bayan an biya bashi da wasiyya.

Allah ya ba mu ikon sauke amana, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.