Jitar bes mara nauyi: Yadda makaɗa ke magance rinjayar kai da zamewar sauti

A watan Fabrairun 2024 ne aka sanar da cewa an mayar wa Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar The Beatles, jitarsa ta bes ƙirar Höfner wadda aka sace a birnin Landan tun 1972. Ya saye ta a Hamburg da ke Jamus a 1961 a kan kuɗin da ya kai kimanin fam 30.

Labarin ya sake jawo hankali kan wannan 'yar jita mai siffar goge na Turawa, wadda cikinta rami ne, nauyinta kuma bai kai na sauran jitocin bes ba ko kusa. Rashin nauyin nan shi ne abin da makaɗa da yawa ke nema a yau, musamman masu tsayuwa a dandali na tsawon sa'o'i da waɗanda ciwon baya ko na kafaɗa ya fara damu.

Sai dai duk wanda ya taɓa rataya jitar bes mara nauyi ya san tana zuwa da matsaloli biyu. Na farko, da zarar an sake ta sai kanta ya rinjaya ya nufi ƙasa. Na biyu, sautinta kan zame daga inda aka saita shi. Dukansu suna da magani, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗi mai yawa.

Me ya sa kai ke rinjaya?

Leo Fender ne ya fitar da Precision Bass a Amurka a 1951, jitar da ta zama ma'aunin sauran. Tsawon tsirkiyarta daga jakin sama zuwa jakin ƙasa inci 34 ne, wato kusan santimita 86. Irin wannan jita kan kai kilo huɗu zuwa huɗu da rabi, wasu na shekarun 1970 ma sun haura kilo biyar.

Fender ya yi wa jikin jitar wani dogon ƙaho a sama wanda ya miƙe har kusan gaɓa ta 12 ta wuya, a bakinsa kuma aka kafa maɓallin maratayi. Ba ado ba ne kawai. Wurin da maratayi ya kama shi ne kamar tsakiyar sikeli: wuya da kai a gefe ɗaya, jiki a ɗaya gefen. Idan maɓallin ya matsa gaba, sashen da ke lilo ba tare da tallafi ba yana raguwa.

Matsala na tasowa ne ta hanyoyi biyu. Ko dai a rage nauyin jiki ta hanyar amfani da katako mara nauyi ko rarake cikinsa, alhali wuya da makullan ƙarfe na nan yadda suke, ko kuma a ƙera jikin ba tare da dogon ƙaho ba. Höfner ba ta da ƙaho ko kaɗan. Gibson EB-3 da ta fito a 1961, wadda Jack Bruce na ƙungiyar Cream ya yi suna da ita, ƙahonninta gajeru ne. Ita kuwa Thunderbird ta 1963, wadda mai zanen motoci Ray Dietrich ya tsara, ta zama abin misali a tsakanin makaɗa in ana zancen rinjayar kai.

Lissafin mai sauƙi ne. Nauyi kaɗan a nesa da wurin rataya ya fi nauyi mai yawa a kusa da shi tasiri. Alal misali, giram 200 a kan jita mai nisan santimita 60 daga maɓalli sai an samu giram 400 a nisan santimita 30 ta ɗaya gefen kafin su yi daidai.

Illar ba ta tsaya ga kyan gani ba. Hannun da ya kamata ya yi ta yawo a kan wuya yana danna tsirkiya sai ya koma tallafe jita. Yatsu su rage sauri, wuyan hannu ya ƙage, kafaɗa ta ɗauki gajiyar da aka sayi jitar don guje mata. Haka kuma mai riƙe da wuya da ƙarfi yakan matse tsirkiya fiye da kima, ko ya ɗan lanƙwasa siririn wuya, sautin ya haura ko ya sauka ba tare da ya taɓa makulli ba. Ta nan matsalolin biyu suka haɗu.

A fara da maratayi

Masu gyaran jita sukan ba da shawarar a fara da abin da ya fi arha kuma ba ya barin tabo. Siririn maratayin nailan da ake haɗowa da sabuwar jita yana da santsi, yana zamewa a kan riga. Maratayin fata mai faɗin inci uku zuwa huɗu, wanda cikinsa ke da kaushi, yana kama kafaɗa kuma yana raba nauyi a wuri mai faɗi. Duk baduku mai hannu zai iya ɗinka irinsa, muddin an nuna masa a bar gefen fatar mara santsi ta ciki.

Amma maratayi mai kaushi bai kawar da rinjayar ba, ya dai hana ta motsi. Idan rinjayar ta yi yawa, sai a ga riga na tattarewa a wuyan mai kiɗa. Tsayin maratayi ma na da tasiri: jitar da aka ɗaga zuwa saman ciki takan jingina da jiki, damtse ya danne ta, ta fi wadda ke lilo a cinya zama.

Mataki na gaba shi ne sauya wa maɓalli wuri. A ɗaga na baya sama da inci ɗaya ko biyu daga tsakiyar gindin jita, ko a mayar da na gaba inda ya fi kusa da kai. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa don ya tsawaita wurin kamun maratayi, ya yi aikin ƙahon da babu. Kafin a huda rami, ana iya gwadawa da salatif mai ƙarfi a zaune a kan katifa don a ga ko wurin ya dace. Wanda ke da tsohuwar jita mai daraja ya sani cewa kowane sabon rami na rage mata farashi.

Wasu kuma sukan rataya ɗan nauyi a ƙarshen maratayi ta baya, kamar jakar na'urar aika sauti ba waya. Yana aiki, sai dai an dawo da wani ɓangare na nauyin da aka gudu.

Makullan alminiyon

Gyaran da ya fi kai wa ga tushen matsalar shi ne rage nauyin kai. Manyan makullan ƙarfe irin na tsohon salon Fender kowanne na iya kai wa kimanin giram 100. Kamfanoni irin su Hipshot na Amurka da Gotoh na Japan suna ƙera na alminiyon masu kusan rabin wannan nauyi. A jita mai tsirkiya huɗu, an cire kusan giram 200 ke nan daga wurin da ya fi ko'ina tasiri, jitar kuma ta ƙara sauƙi gaba ɗaya.

Kafin a saya, dole a auna faɗin ramukan da ke kan jitar, domin makullai ba girmansu ɗaya ba. Wanda ya yi wa rami ƙanƙanta zai riƙa girgiɗi, sautin kuma ba zai zauna ba.

Akwai wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Jitocin bes da yawa suna da wani wuri a wuya inda sauti ke mutuwa da wuri, galibi tsakanin gaɓa ta biyar da ta bakwai a kan tsirkiyar G. Sauya nauyin kai na iya matsar da wannan wuri, wani lokaci a dace, wani lokaci a'a. Shi ya sa ake so a ajiye tsofaffin makullan, kada a yar.

Mai ƙira Ned Steinberger ya bi hanya mafi tsauri a ƙarshen shekarun 1970: ya cire kan gaba ɗaya, ya mayar da makullai gindin jiki. Jitocin bes marasa kai sun yi tashe a shekarun 1980, kuma a 'yan shekarun nan sun sake dawowa kasuwa saboda wannan dalili na daidaito da sauƙin ɗauka.

Inda sauti ke zamewa

Tsirkiyoyi huɗu na bes, wato E da A da D da G, suna jan wuya da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 70 a jita mai inci 34. A gajeru masu inci 30 irin su Höfner, jan bai kai haka ba, tsirkiya ta fi laushi, don haka ɗan matsi kaɗan na sauya sauti.

Mutane sukan ɗora wa makulli laifi, amma ba kasafai haƙoransa ke juyawa da kansu ba. Wuraren da aka fi samun matsala su ne waɗannan.

Naɗin tsirkiya. Zagaye biyu zuwa uku a jikin sandar makulli sun isa, kowanne a ƙarƙashin na baya, ba tare da sun hau juna ba. Naɗin da ya yi yawa ko ya cakuɗe yana ci gaba da zama a hankali, sauti na sauka. Naɗi zuwa ƙasa kuma yana sa tsirkiya ta danna jakin sama da kyau.

Sabuwar tsirkiya. Bayan an ɗaura, a ja ta a hankali da hannu a wurare da dama, a sake saitawa, a maimaita har ta daina sauka. Masu kaurin kuma a danna su da babban yatsa a daidai inda suka hau jaki, domin su kwanta maimakon su yi baka.

Jakin sama. Idan tsagar da tsirkiya ke bi ta matse, za a juya makulli ba a ji canji ba, can sai a ji ƙas, sauti ya yi tsalle. Goga bakin fensir a cikin tsagar na sa santsi. Idan an koma tsirkiya mai kauri, sai mai gyara ya faɗaɗa tsagar da zarto na musamman.

Noti da sukurori. Katako na ƙanƙancewa, abin da aka ɗaure bara ya saki bana. A duba na makullai, na faifan da ke haɗa wuya da jiki, da na maɓallin maratayi. Ramin da ya gaji ana cike shi da tsinken sakace da gam na katako.

Yadda ake saitawa. Kullum a iso sautin daga ƙasa. Idan an zarce, a sassauta ƙasa da inda ake so sannan a sake hawa. Kuma a saita jita a rataye yadda za a kaɗa ta, domin siririn wuya na ɗan sauyawa idan an kwantar da ita.

Jitoci irin su Höfner suna da ƙarin sharaɗi: jakinsu na ƙasa ba a kafe yake ba, tsirkiyoyi ne ke danne shi. Wanda ya cire dukansu lokaci guda, jakin zai gusa. Don haka ɗaya bayan ɗaya ake sauya su. Gwajin wurin zamansa kuwa a gaɓa ta 12 ake yi: idan sautin da aka danna a nan ya haura na tsirkiyar a sake, a matsar da jaki baya, idan ya gaza, a matso da shi gaba. McCartney kansa ya jingine Höfner na tsawon shekaru ya koma Rickenbacker, sai a ƙarshen shekarun 1980 ne Elvis Costello ya ƙarfafa masa gwiwa ya sake ɗauko ta lokacin da suke aiki tare.

Hunturu da damina

Masu ƙera jita sukan so a ajiye ta a inda danshin iska ke tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A arewacin Najeriya da Nijar, iskar hunturu kan sauke danshi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, damina kuma ta mayar da shi sama. Makaɗan coci a Jos da Kaduna da 'yan ƙungiyoyin jita na Yamai da Agadas duk suna aiki ne a cikin wannan yanayi, galibi da jitocin da aka ƙera a wata nahiya.

Idan katako ya bushe, wuya kan sauya lanƙwasa, tsirkiyoyi su ɗaga ko su riƙa karo da gaɓoɓi, bakin ƙarafan gaɓa kuma ya fito yana yankar yatsa. A cikin wuya akwai sandar ƙarfe da aka tanada don gyara lanƙwasar. Ƙa'idarta ita ce kada a juya fiye da rubu'in zagaye a lokaci guda, a jira katako ya zauna, kuma idan ta ƙi juyawa kada a tilasta mata, domin karyewarta gyara ne mai tsada.

Zafi ma na da nasa. Tsirkiyar ƙarfe na miƙewa idan ta ji zafi, sauti ya sauka. Jitar da aka fito da ita daga ɗaki mai sanyi zuwa filin biki tana bukatar 'yan mintoci ta saba da wurin kafin a saita ta. Barin ta a but ɗin mota da rana kuwa na iya sassauta gam ɗin da ke riƙe da ita.

Ga wanda ya sayi jitar bes mara nauyi kuma ta fara ba shi haushi, tsarin da ya fi dacewa shi ne a bi daga mai arha zuwa mai tsada: sabon naɗi da fensir a jakin sama, ɗaure sukurori, maratayin fata mai faɗi, sannan makullan alminiyon. Huda sabon rami ya zo a ƙarshe, bayan an gwada sauran an ga ba su wadatar ba.