Kwamfutar Injiniya a Zafin Magariya

Injiniyan da ke zana rijiya ko madatsar ruwa tsakanin Magariya da Dungass yana son ƙaramar kwamfuta mai ƙarfi, marar hayaniya. Matsalar ita ce zafi. A watan Afrilu yakan haura digiri 40, kuma idan furosesa ta ɗauki zafi sai ta rage gudunta da kanta, fanka ta yi ta kuka.

Don haka a duba harafin ƙarshen lambar furosesar. U na tsimin batir ne, H ko HS na aiki mai nauyi, irin na manhajojin AutoCAD da QGIS. RAM kada ya gaza gigabait 16. MacBook Air ba ta da fanka, shiru take, amma dogon lissafi yana sa ta sassauta. Ni dai HS zan zaɓa, a riƙa share ƙurar hunturu daga ramukan iskar kwamfutar.