Ɗari Da Anini: Dukiyar Da Ke Kwance A Adakar Tsofaffi

A unguwar Malali ta Kaduna, inda ma'aikatan gwamnati da waɗanda suka yi ritaya suke da yawa, ba a rasa gidan da ke da 'yar adaka ko gwangwani mai ɗauke da tsofaffin kuɗi masu huji a tsakiya. Yawanci idan mai su ya kau, sai magada su zubar, ko su sayar wa 'yan gwangwan a kan nauyin ƙarfe. Ta haka tarihi yake salwanta a wutar maƙera.

Turawan Ingila sun fara fito da kwabo da anini a shekarar 1907, ɗari kuwa, wato sisin kwabo, ya biyo baya a 1911. An huda tsakiyarsu don a riƙa zarga su a igiya kamar yadda aka saba yi da wuri, aka kuma rubuta darajarsu da Larabci. Na shekarar 1936 suna ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus kafin ya cika shekara guda a kan gadon sarauta. A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya buga ɗarinsa na tagulla, sa'an nan ran 1 ga Janairu, 1973, naira da kwabo suka kama aiki, a shekarar da aka buɗe Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Malali.

Ƙasar Amurka ma ta taɓa yin nata ɗarin. Daga 1793 zuwa 1857 an buga rabin senti na jan ƙarfe a birnin Filadelfiya. A zamaninsa raina shi ake yi, amma na shekarar 1796, wanda guda 1,390 kacal aka buga, ya zama abin da masu tara kuɗi suke rububinsa da dubban daloli.

To, yaya ake gane darajar tsohon kuɗi? Tsufa kaɗai ba ya isa. Da farko ana duba shekara da alamar maƙerar da ta buga shi. Ƙaramin harafin H ko KN a jikin ɗari yana nuna ɗaya daga cikin maƙeru biyu na Birmingham. Bayan haka sai a duba yadda hannu ya cinye shi. A 1949 wani Ba'amurke, William Sheldon, ya tsara ma'auni daga 1 zuwa 70: lamba 1 ita ce kuɗin da ya sule har da ƙyar ake gane shi, 70 kuwa wanda ko ƙwarzane babu. A ɗarin ƙasar nan, kambin sarauta da layukan tauraro mai kusurwa shida su ne wuraren dubawa. Jan ƙarfe kuma ana lura da launinsa, domin wanda ya riƙe jansa na asali ya fi wanda ya dafe tsada.

Babban kuskure shi ne goge kuɗin da toka ko lemon tsami. Ƙyallin da za a samu zai rushe darajarsa, kuma ba ta komowa. A kama shi ta gefe, a ajiye kowanne cikin takardarsa a busasshen wuri, a rubuta shekararsa da sunan wanda ya bar shi. Ɗalibin da ke son ƙarin sani yana iya farawa da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke kan titin Ali Akilu, kafin ya koma gida ya roƙi kakarsa ta buɗe masa adaka.